Filin Tambaya da Amsa: Garkar Gida da Baƙinta Masu Fukafukai

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan daga masu karatu na Damagaram sun zo da damuwa iri-iri, amma da na jera su a gabana sai na ga yawancinsu maganar abu ɗaya suke yi, wato abin da ke tsakanin garkar gida da ƙudan zuma da sauran ƙwarin da ke ziyartar fure. Na zaɓi huɗu daga ciki, na kuma rage gaishe-gaishen da ke cikinsu saboda ƙarancin fili, ina neman afuwar masu su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da 'yar garka a bayan ɗakina, wadda ba ta wuce mita shida a tsawo da mita uku a faɗi ba. Na shuka kabewa da kankana, sun yi yaɗo har sun hau katanga, sun kuma yi fure mai yawa, amma da zarar ɗan ya fito kamar ƙwan zabo sai ya yi ruwan ɗorawa, ya yanƙwane, ya faɗi. Na ƙara taki, na ƙara ruwa, na fesa magani har sau biyu, duk a banza. Maƙwabciyata ta ce bakin mutane ne. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata uwargida a unguwar Birni.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ruwa ba ya tsami banza, amma kafin a ɗora wa bakin mutane laifi yana da kyau ki tsaga ɗaya daga cikin 'ya'yan da suka faɗi ki duba cikinsa. Idan kika ga ɗan tabo a jikinsa kamar wurin da allura ta soka, cikin kuma ya ruɓe da ƙananan fararen tsutsotsi, to ƙudan da ke yi wa 'ya'yan itatuwa ƙwai ne ya ziyarce ki, kuma abin yi shi ne ki tattara duk wanda ya faɗi ki binne shi da zurfi, ki riƙa lulluɓe sababbin da takarda ko ƙyalle mai shara-shara da zarar sun kama. Idan kuwa babu tsutsa a ciki, ɗan ya tsaya ne kawai bai ƙara girma ba, ya kuma soma yanƙwanewa daga bakin da furen yake, to abin da na yi zato ne tun da na karanta wasiƙarki: furen bai samu barbara ba.

Kabewa da kankana da guna da duma duk dangi ɗaya ne, kuma kowane tushe yana fitar da fure iri biyu, namiji da mace. Namijin yana kan siririn sanda, a cikinsa akwai wani gari mai ruwan ɗorawa da ke manne wa yatsa. Macen kuwa ana gane ta da ɗan ƙullutun da ke ƙarƙashinta, wanda kike ɗauka ɗa ne ya riga ya fito, alhali ba zai zama ɗa ba sai garin namijin ya sauka a tsakiyar furen. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasarmu, domin masu dabino na Gidimuni sun san namijin dabino da macensa, sun kuma san cewa macen da ba ta samu garin namiji ba 'ya'yanta ba sa yin kirki. Inda aka bambanta shi ne garin dabino da na gero da na masara ba su da nauyi, iska tana iya ɗaukarsu, amma na kabewa yana da nauyi da danƙo, ba ya barin furensa sai a jikin ƙwaro. Ƙudan zuma ya shiga namijin neman ruwan zaƙin da ke gindinsa, ya fito buɗu-buɗu da gari, ya faɗa cikin macen, shi ke nan aiki ya kammala ba tare da shi kansa ya san ya yi ba.

Lokacin wannan aiki kuma ƙanƙane ne ƙwarai. Furen kabewa yana buɗewa da asuba, kafin rana ta take ya rufe, kuma ba ya sake buɗewa. Macen kankana, bisa lissafin masana aikin gona, tana buƙatar ƙudan zuma ya sauka a kanta wajen sau 8 a wannan safiya guda kafin ta ba da ɗa cikakke, shi ya sa wani lokaci ake ganin kankana karkatacciya, gefe ɗaya ya cika ɗaya ya shanye. Saboda haka ina ganin maganin da kika fesa sau biyu shi ne ya ƙara dagula lamarin, musamman idan da safe kika fesa shi, lokacin da furanni suke buɗe kuma 'yan ƙwarin da suka samu ƙetare katangun Birni suke cikinsu. Yawan taki ma ba ya gyara wannan matsala, sai dai ya ƙara ganye.

Domin kada ki yi asarar shukar bana, ki yi aikin da hannunki. Tsakanin ƙarfe shida da tara na safe ki tsinko furen namiji wanda ya buɗe a ranar, ki yage fatun da ke kewaye da shi har tsinken garin ya fito fili, sannan ki goga shi a hankali a tsakiyar macen da ta buɗe. Namiji ɗaya yana isar mace biyu ko uku. Bayan kwana uku ko huɗu za ki ga ƙullutun ya soma kumbura maimakon ya yi laushi. Kada kuma ki damu idan a makon farko na fure mazan kaɗai kike gani, domin al'adar wannan dangi ce maza su riga mata fitowa. Duma shi ne ya fita daban, farin furensa da yamma yake buɗewa, ƙwarin dare masu dogon baki ne ke yi masa aiki, don haka wanda zai yi masa da hannu sai bayan la'asar sakaliya.

Ba kabewarki kaɗai wannan lamari ya shafa ba. Rahoton da wani taron masana na ƙasashen duniya ya fitar a 2016 ya nuna cewa fiye da kashi 75 cikin ɗari na manyan nau'o'in amfanin gona da ake ci a duniya suna amfana, ko da kaɗan ne, da barbarar da ƙwari da tsuntsaye da jemagu ke yi. A maƙwabciyarmu Burkina Faso an yi wani bincike da aka buga a 2017, inda aka hana ƙwari kaiwa ga furen riɗi da na auduga, sai amfanin riɗin ya ragu da kashi 59 cikin ɗari, na audugar kuma da kashi 37. Maganin da zai dore shi ne ƙwarin su saba da gidanki, kuma amsar tambaya ta gaba ta shafe ki ke ma.

TAMBAYA: Ni malamin makaranta ne, na tare a sabon gida a gefen gari ta hanyar Mirriya, kuma akwai sarari a tsakar gidan. Na karanta cewa a ƙasashen Turai mutane suna shuka furanni musamman domin ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi, ina so in yi haka domin yarana su tashi suna ganinsu. Masu sayar da dashe sun nuna mini furanni masu launi amma masu tsada, ga shi kuma famfonmu yakan yi kwanaki bai kawo ruwa ba, sai mun saya wurin 'yan garuwa. Waɗanne furanni zan saya?

AMSA: Malam, niyyarka kyakkyawa ce, amma shawarata ita ce ka mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Yawancin abin da za a nuna maka an zaɓe shi ne domin idon mutum. Itacen nan mai ƙaya da ake yi wa katanga ado da shi, wanda ake kira bugenbiliya, jan abin da kake gani a jikinsa ganye ne mai launi, ainihin furen ɗan mitsitsi ne a tsakiya, kuma ƙudan zuma ba ya samun abin kirki a ciki. Furannin da aka gyara irinsu har suka yi ninki-ninki kamar tufafin amarya sau da yawa ba su da gari, ko kuma ƙwaro ba ya iya kaiwa gare shi. Wancan mai dogon ganye da jan fure da ake dasawa a ƙofar ma'aikatu kuwa guba ne ga yaro da akuya, ba na ba gidan da ke da yara shawarar ajiye shi.

Abin da ƙwarin nan ke nema a Damagaram shi ne fure a lokacin da daji ba shi da fure. Ruwan da muke samu a shekara bai fi wajen milimita 400 ba, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake sauka. A wannan lokaci tafasa da gasaya da rama da yaɗiya da wake da riɗi duk suna fure, ba mai buƙatar taimakon kowa. Da ruwa ya ɗauke kuma gawo ya karɓa, domin shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya tofo bayanta, ya yi huda lokacin da ciyawa ta soma bushewa. Albarkacin manoman Mirriya da Matamaye da Magarya, waɗanda tun daga tsakiyar shekarun 1980 suka riƙa barin sassabe yana tashi a gonakinsu, yankinmu yana da gawo mai yawa, har an ƙiyasta cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Ba mamaki ke nan da ake samun masu amya da zuma mai kyau a kudancin jiharmu. Wahalar ƙwarin tana somawa ne daga ƙarshen ɗari, ta tsananta a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 ko fiye, ƙasa ta zama fayau. Garkar da ke da ko da tushe uku masu fure a waɗannan watanni ta fi wadda ta cika da furanni a Agusta amfani nesa ba kusa ba.

Abin farin ciki shi ne kusan duk abin da ake buƙata yana cikin kayan miyarmu, sai dai ba ma barinsa ya kai fure. Zogale shi ne na farko a wurina. Mun saba sare kansa domin ya yi ganye, kuma daidai ne, amma idan kana da tushe huɗu ka bar ɗaya ya tashi yadda yake so, zai riƙa ba da farin fure mai ƙamshi a mafi yawan watannin shekara muddin yana samun ɗan ruwa. Na biyu ɗaɗɗoya, wadda ko a tsohuwar roba tana rayuwa, kuma ban taɓa ganin ta yi fure ba tare da ƙananan ƙudaje suna shawagi a kanta ba. Albasar da ta tsiro a ɗakin girki kada a jefar da ita, a binne ta bayan kaka, cikin ɗari za ta fitar da sanda mai farin tuntu wanda ƙwari iri-iri ke rububi, daga baya kuma ka samu irin shukawa. Soso ma kada a raina shi, a ba shi katangar da ke kusa da magudanar wurin wanka, ruwan da za a zubar ya ishe shi, furensa mai ruwan ɗorawa kuma yana jawo babban baƙin ƙwaron nan mai ƙugi da ke huda itace. Wannan ƙwaro da yara ke kora shi ne gwanin tumatir da gauta, domin furensu ba ya sakin gari sai an girgiza shi, shi kuwa yana kama furen ya karkaɗa shi da ƙarfin ƙirjinsa, abin da ƙudan zuman amya ba ya iyawa. Kuɓewa da yakuwa da riɗi sai a haɗa da su a lokacinsu.

Na itatuwa, tsakar gida ba ta ɗaukar gawo ko kuka, amma tana ɗaukar lemun tsami ɗaya, da lalle a jikin katanga, da magarya ko kurna a kusurwa idan za ka jure ƙayarsu. Magarya tana huda wajen ƙarshen damina, ba ta kuma neman ruwa idan ta kafu. Mangwaro yana huda cikin ɗari, sai dai yana shan ruwa, ban ga dalilin da mai sayen garuwa zai ɗora wa kansa shi ba. Idan akwai dogon yaro ko aduwa a ƙofar gida, a bar su, hudarsu ta rani tana cike giɓi babba.

Ka shuka kowane iri a dunƙule maimakon ka warwatsa shi, domin ƙwaro ya fi ganin tarin fure daga nesa, kai ma ka fi samun sauƙin ban ruwa. Ruwan alwala da na wanke shinkafa da ganye duk a tara su a bokiti ɗaya, amma wanda aka sa masa omo ko ruwan kashe ƙwayoyin cuta kada ya taɓa ƙananan shuke-shuke. Ka nemi tulun ƙasa wanda yake tsatstsafo, ka binne shi har wuya a tsakiyar shukar, ka cika shi ka rufe bakin, saiwoyin za su kewaye shi su sha abin da suke buƙata ba tare da rana ta ƙwace rabinsa ba. Ƙaiƙayi ko busasshen ganye a gindin shuka yana riƙe laima, sai dai a janye shi kaɗan daga jikin tushen saboda gara.

Akwai kuma maganar makwanci, wadda ba a cika tunawa da ita ba. Nau'o'in ƙudan zuma a duniya sun kai wajen 20,000, kuma mafi yawansu ba sa zaman amya, ba sa tara zuma, kowace mace ita kaɗai take haƙa ɗan raminta a ƙasa ko a tsohuwar katangar laka ko a cikin kara, ta zuba garin fure ta yi ƙwai ta toshe. Ƙananan cikinsu ba sa yin nisa fiye da 'yan ɗaruruwan mitoci daga raminsu, ba kamar na amya ba da ke iya tafiyar kilomita biyu ko uku, don haka idan ba su da wurin kwana a kusa ba za ka gan su ba. Kada ka shafe dukan tsakar gida da siminti, ka bar wani lungu da ƙasarsa, ba shara ba yayyafi. Yaranka kuma ga aikin hutu: a samu guntun busasshen icce, a huda shi da ramuka masu faɗin milimita 3 zuwa 10 da zurfin wajen santimita 10, ba tare da an ɓulla ta baya ba, a rataye shi a inuwa inda ruwan sama ba ya dukansa. Ranar da suka ga an toshe bakin wani rami da laka ko da guntun ganye, to an samu mai haya.

TAMBAYA: Kowace bazara ƙudan zuma yana cika bakin randarmu da wurin shan ruwan tumaki, har ya harbi ƙaramar 'yata sau biyu. Yanzu kuma maigida yana maganar shuka abin da zai ƙara jawo su, har yana cewa zai rataya amya a bishiyar gidan. Ni dai tsoro nake ji. Daga wata mahaifiya a Garin Malam.

AMSA: 'Yar'uwa, tsoronki yana kan hanya, Bahaushe da kansa ya ce zuma ga zaƙi ga harbi. Amma akwai abubuwa biyu a wasiƙarki, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Ƙudan zuman da ke kan fure ko a bakin ruwa neman abinci ya fito, ba shi da abin da yake karewa a wurin, kuma ba ya harbi sai an taka shi ko an matse shi, domin idan ya harbi mutum ƙarinsa yana maƙalewa a fata shi ma ya mutu. Abin da ke kawo shi randarki ƙishirwa ce ta gida guda: cikin amya dole ne ya zauna a wajen digiri 35 domin 'ya'yan da ke cikin saƙa, kuma idan zafi ya wuce haka sai su yi ta jigilar ruwa suna shafawa suna fifita da fukafukai har wurin ya huce. Korarsu ba ta hana su dawowa. Abin da ke aiki shi ne a ba su nasu mashaya.

Ki samu kasko ko tsohon faranti mai faɗi, ki cika shi da tsakuwa, ki zuba ruwa yadda kawunan tsakuwar za su fito fili domin su samu wurin tsayawa kada su nutse, ki ajiye shi a inuwa a lungun da ya fi nisa da wurin wasan yara da turken dabbobi. Randa da tulu kuma a rufe su ruf. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a soma tun cikin Fabrairu kafin su saba da randar, domin ƙudan zuma idan ya riƙe wurin ruwa yana da wuyar sauyawa. Kada a bar kaskon ya bushe ko da yini ɗaya, kada kuma a sa sukari a ciki. A riƙa zubar da ruwan ana sabuntawa duk bayan kwana biyu ko uku, saboda sauro yana buƙatar wajen mako guda kafin ƙwansa ya zama mai tashi. Idan aka jiƙa ɗan yashi a gefen kaskon, malam-buɗe-littafi ma zai sauka ya tsotsi gishirin da ke ciki.

Maganar amya kuwa, a gaya wa maigida cewa ban goyi bayansa ba. Ƙudan zuman ƙasarmu yana da zafin kare gidansa, kuma ƙarar inji ko jifan yaro ko warin turare mai ƙarfi na iya tayar da dubbansu a lokaci guda. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne wanda ba ya iya gudu, wato jariri da tsoho da ragon da ke ɗaure a turke. Unguwa mai cunkoso kamar Garin Malam ba wurin amya ba ce, idan yana da sha'awa ya kai ta gona. Idan kuma wata rana taronsu ya sauka a reshe ya yi curi, ƙaura suke yi, yawanci kwana ɗaya ko biyu sun tashi. A janye yara, kada a jefe su, kada a sa musu wuta, idan sun ƙi tashi a kira wanda ya san aikin zuma ya kwashe su. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 68 da ta 69 ta Suratun Nahli, ya ambaci gidajensu a duwatsu da itatuwa da abin da mutane ke ginawa, ya kuma ambaci warakar da ke cikin abin da suke fitarwa, kuma ban ga yadda za a haɗa wannan da ƙone su da ragga da fetur ba.

Idan an harbi yarinya, a kankare ƙarin da farce nan take, a wanke wurin, a ɗora abu mai sanyi. Kumburin wurin harbi ba abin tayar da hankali ba ne. Amma idan fuska ko leɓe ko harshe suka kumbura, ko numfashi ya soma sarƙewa, ko jiri ya kama ta, ko kuma harbin ya yi yawa, a garzaya asibiti ba tare da jiran komai ba.

TAMBAYA: Na dasa lemun tsami bara, yanzu wasu korayen tsutsotsi suna cinye ganyensa, zogalena ma haka. Wani abokina ya ba ni piya-piya a kwalba ya ce in fesa. Ko akwai illa? Daga wani matashi a Karkada.

AMSA: Ɗana, akwai illa, kuma ta fara daga kanka. Abin da ake kira piya-piya yawanci sinadarin dikolorbos ne, guba mai shiga ta fata da ta numfashi, ana kuma sayar da shi a kwalabe marasa takarda yadda ba wanda ya san ƙarfinsa. Fesa shi a ganyen zogalen da za a yi kwaɗo da shi gobe ganganci ne. Ƙasashen Sahel suna da kwamiti a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta yaƙi da fari, wato CILSS, wanda ke tantance magungunan ƙwari, kuma duk maganin da babu shaidar amincewarsa a jikin kwalba bai kamata ya shiga gida ba. Ko waɗanda aka amince da su ma da yawansu suna kashe ƙudan zuma, har Tarayyar Turai ta hana amfani da nau'i uku na wani rukuninsu a fili a shekarar 2018 saboda wannan dalili. Ni kaina a farkon aikina na taɓa fesa wa kuɓewa magani da hantsi, washegari na tarar da gawarwakin ƙudan zuma a cikin furannin da suka rufe a kansu, ban sake ba.

Tsutsotsin naka kuwa iri biyu ne. Ta lemun, wadda tana ƙarama take kama da kashin tsuntsu, ta girma ta zama koriya, idan an taɓa ta kuma ta fito da wasu 'yan ƙahoni masu wari, ita ce ke zama babban malam-buɗe-littafin nan mai baƙi da ɗigon ruwan ɗorawa. Ba ta cizo. Tun da itacenka ƙarami ne, ka riƙa duba shi da safe kana tsince su da hannu, idan ya girma kuwa 'yan ganyen da za su ci ba za su rage shi da komai ba, sai ka bar su. Kowane malam-buɗe-littafi yana da shukar da yake yi wa ƙwai: mai launin ruwan goro da baƙin gefe a tumfafiya yake yi, fararen da ke wucewa garke-garke a anza da jiga, wani mai fari-fari kuma a tafasa da filasko. Wanda yake son ganinsu sai ya haƙura da 'ya'yansu. Tumfafiya dai a bar ta a bayan katanga, domin ƙaron nononta yana cutar da ido.

Ta zogale daban ce, 'yar wani ƙwaron dare ce, tana saƙa zare a ganye ta bar itacen tsirara cikin 'yan kwanaki, kuma ba na ce a yi mata sassauci ba. Ka sare rassan da ta kama ka binne su, sannan ka daka busassun 'ya'yan dogon yaro rabin kilo, ka jiƙa a lita 10 na ruwa su kwana, ka tace da ƙyalle, ka fesa a sabon tofon sau ɗaya a mako har ta yanke. Ko wannan ma bayan faɗuwar rana za ka fesa shi, lokacin da masu ziyartar fure suka koma, ka kuma kauce wa furen da ke buɗe, ka wanke ganyen sosai kafin a dafa. Ruwan taba da wasu ke haɗawa da barkono ka bar shi, yana kashe ƙudan zuma kamar maganin kanti. Ƙwarin darɓa da ke manne a ƙarƙashin ganyen kuɓewa kuwa ruwan sabulun wanki mara ƙarfi ya ishe su. Kwalbar da abokinka ya ba ka kada ka zubar da ita a kwata ko a juji, ka ɗaure bakinta ka kai wa ma'aikatan gona na unguwarku.